Ɗana, Idan Za Ka Sayar da Gida Mai Sola

Ɗana, idan Allah ya kawo ranar da za ka sayar da gidan nan naka na bayan gari, ko don an canza maka wurin aiki, ko don iyali sun ƙaru ɗakuna sun yi kaɗan, ko don wata lalura da ba a fata, akwai maganar da nake so ka riƙe tun kafin ka kira dillali. Maganar farantan nan ce da ke shimfiɗe a kan rufinka, da inbata da batura da ke kusurwar baranda. Na ga cinikin gidaje ya lalace a kansu, na ga abokan arziki sun daina gaisawa a kansu. Kusan kullum dalilin ɗaya ne: mai gida yana lissafin abin da ya kashe, mai saye yana lissafin abin da zai samu, kuma babu wanda ya zauna ya rubuta.

Ka da ka yi shakka, abin da ke kan rufin nan dukiya ce. Shekarun baya wanda zai sayi gida kwata yake dubawa, da ƙarfin gini, da ko unguwar tana da ruwa. Yanzu yana ɗaga kai ya kalli rufi. Ran 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Janareta ya zama abin da ake tayarwa da lissafi. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A daga abin da bai kai Naira 70 ba zuwa Naira 225 kowane yunit. Sai kuma Oktoban shekarar, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu, masu ƙanƙara da masu walda da masu cajin waya suka ji a jikinsu. Tun daga nan, ka bi ta Rijiyar Zaki ko Ɗanbare ko Mariri a Kano, ko Rigasa a Kaduna, ko Lugbe da Kubwa a Abuja, ka ƙirga rufin da ke ƙyalli da rana. Gidan da fanka ba ta tsayawa a cikinsa ranar da aka ɗauke wuta, gida ne da ake so.

To amma so daban, farashi daban.

Abu na farko, ka raba gida da sola a cikin lissafinka. Ka yi wa gidan kuɗi kamar babu ko faranti ɗaya a kansa. Unguwa ce ke yanke wannan farashin, kai ba ka da iko a kai. Ka bincika gidajen da aka sayar kusa da kai a watannin nan, masu girman fili da yawan ɗakuna irin naka, ka ji nawa aka sallama su. Ka lura, nawa aka sallama na ce. Kuɗin da mai gida ya buɗe baki ya faɗa ba shi ne ciniki ba, gidaje nawa ne suka shekara biyu da rubutun sayarwa a jikin katanga saboda mai su ya kafe a kan wani adadi da ya ji a majalisa? Mai unguwa ya san abin da aka biya, domin a gabansa ake yawan sa hannu. Dillalai biyu ko uku da ba su san ka tambayi ɗan'uwansu ba za su ba ka hoton gaskiya. Idan gidan babba ne, biyan ƙwararren mai kimanta gidaje ba asara ba ce. Titi, magudanar ruwa, ko lungun yana cin ambaliya da damina, da ingancin takarda, su ne ƙashin bayan farashi. Sola ba ta gyara ko ɗaya daga cikinsu. Gidan da takardarsa ke da rikici, ko ka rufe shi da faranti hamsin, mai hankali ba zai taya ba.

Idan ka gama da gida, sai ka juyo kan kayan wuta. A nan ne nake so ka buɗe kunne da kyau.

Wanda zai sayi gidanka wutar da ta rage a cikin kayan nan yake saye. Rasit ɗin da ka ajiye a cikin akwati labarin jiya ne. Mai sayen rago yakan buɗe masa baki ya duba haƙori, domin shekarun da ke gaba yake biya, kuma haka ya kamata a yi wa kayan sola. Wahalar ita ce kayan ba tare suke tsufa ba.

Faranti shi ne mai tsawon rai. Kamfanonin kirki suna ba da lamunin cewa bayan shekara 25 zai ci gaba da ba da kashi 80 cikin 100 ko fiye na ƙarfinsa na farko, kuma a aikace abin da yake raguwa a shekara bai cika wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Farantin da ya shekara uku yaro ne, muddin gilashinsa bai tsage ba, ruwa bai shige shi ba. Inbata kuwa na'ura ce mai kayan lantarki a ciki, zafi da ƙura da tsawa suna cin ta. Idan mai kyau ce aka kuma kula da ita, a sa mata shekara goma. Batir shi ne mai gajeren kwana, kuma sau da yawa shi ya fi cin kuɗi. Mai ruwa da busasshe, waɗanda ake yi da dalma, shekara biyu zuwa biyar suke yi, gwargwadon yadda aka wahalar da su. Masana suna da ƙa'idar da suke aiki da ita: duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 a kan digiri 25 yana yanke rabin rayuwar irin wannan batir. Ka tuna yadda Kano ko Sakkwato take a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, batura kuma suna kulle a wani ɗan ɗaki marar taga. Batirin litiyam ya fi juriya, yana ɗaukar caji da saukewa sau dubbai, yana iya kaiwa shekara goma, shi ya sa gidan da ke da shi ya fi daraja a idon wanda ya san abin.

Ga yadda za ka yi. Ka shiga kasuwa, ko Sabon Gari ko duk inda ake sayar da kayan a garinku, ka tambayi farashin sabon kowane abu irin naka a yau. Sannan ka rage masa gwargwadon shekarun da ya ci. Bari in ba ka misali da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi kawai. A ce yau sabbin faranti irin naka Naira miliyan ɗaya ne, inbata 800,000, batura masu ruwa guda huɗu miliyan ɗaya da 200,000, wayoyi da ƙarafan ɗauri da kuɗin aiki 500,000. Jimla miliyan uku da rabi. A ce kuma kayanka sun shekara uku. Faranti saura shekara 22 cikin 25, kenan 880,000. Inbata saura bakwai cikin goma, 560,000. Batura, idan ka sa musu shekara huɗu, saura ɗaya, 300,000, kuma wannan ma idan gwaji ya nuna suna riƙe caji. Wayoyi da ƙarafa a bar su a 400,000. Ka ga an tashi a miliyan biyu da 140,000. Nan ne rufin abin da za ka nema da gaskiya, kuma ka shirya yin rangwame ƙasa da haka, domin kayan hannu ba su taɓa yin kuɗin da lissafi ya ba su ba. Mai saye yana ɗaukar kasadar abin da bai ga yadda aka yi amfani da shi ba.

Na ce farashin yau, kuma da dalili. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023, dalar da hukuma ke sayarwa ƙasa da Naira 500 ta haura 1,500 a 2024. A ɗaya gefen kuma farashin faranti a kasuwar duniya faɗuwa yake yi, saboda masana'antun Sin da ke ƙera mafi yawansu sun cika kasuwa, har ya sauka da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, bai kuma tsaya nan ba. Saboda haka tsohon rasit yana iya cutar ka, yana kuma iya cutar mai saye. Wanda ya sayi inbata a 2022 zai iya tarar da sabuwarta ta ninka a Naira. Wanda ya sayi ƙananan faranti da tsada shekara takwas baya zai tarar yau guda ɗaya mai wat 550 yana yin aikin biyu ko uku na irin nasa. Kasuwar ranar ce alƙali.

Akwai lissafi na biyu, wanda ba shi ne farashi ba, amma shi ne hujjarka a wurin ciniki: nawa kayan suke tsare wa gida a wata? Faranti takwas masu wat 500 kilowat huɗu ne. A ranar da gari ya yi garau a Arewa za su iya ba da yunit 16 ko fiye. Sai dai ka da ka yi gaggawar ninka wannan da kwana 30 ka kai wa mai saye. A gidajenmu, da zarar batura sun cika kuma ba a kunna komai ba, sauran wutar tafiya take yi a banza, tunda yawancinmu ba ma sayar wa kamfanin rarraba wuta rara. Abin da gida ya sha shi ne abin ƙirgawa. Idan yunit goma kuke sha a rana, 300 kenan a wata, a farashin Band A na Afrilun 2024, wato 225, ya kama Naira 67,500. Unguwannin bayan gari kuma galibi ba a Band A suke ba, abokin gwajinsu na gaskiya janareta ne, wanda litar fetur ɗaya ba ta cika ba shi fiye da yunit biyu ko kusa da haka ba. Idan kana da tarihin katin mitarka kafin sola da bayanta, ko inbatarka mai haɗuwa da waya ce tana ajiye lissafi, ka fito da shi ka nuna. Takarda ɗaya irin wannan ta fi rantsuwa goma.

Za ka ji wasu 'yan boko suna cewa ai a Amurka an tabbatar sola tana ƙara wa gida daraja. Gaskiya ne. Cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley ta fitar da nazari a 2015 kan cinikin gidaje kusan 22,000 a jihohi takwas, ta gano masu saye suna ƙara kimanin dala huɗu a kan kowane wat, wato kusan dala 15,000 ga matsakaicin gida. Kamfanin Zillow kuma a 2019 ya ce gidaje masu sola sun fi takwarorinsu kuɗi da kashi 4.1 cikin 100. Ka ji wannan don ilimi, amma ka da ka ɗauko kason ka liƙa wa gidanka. Can yawancin gidajen a haɗe suke da babban layi, mita tana lissafa abin da suka tura, da yawa ma ba su da batir ko ɗaya. Mu kuwa kaso mai tsoka na kuɗinmu a batir yake, abin da ya fi komai saurin mutuwa. Ka kuma duba: kashi huɗu na gidan miliyan 80 da kashi huɗu na gidan miliyan 15 ba ɗaya ba ne, alhali inbata iri ɗaya ce a barandar kowannensu. Darasin da ya dace da mu daga can shi ne wannan: Fannie Mae, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin lamunin gidaje na ƙasar, ba ta yarda mai kimantawa ya sa farantan haya cikin darajar gida. Abin da ba naka ba ne ba ya shiga farashi.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da mutane ke tsallakewa: kayan nan na wane ne? Ka tambayi kanka tsakani da Allah. Idan na biyan kaɗan-kaɗan ne, irin wanda kamfanoni kamar Sun King da d.light suke bayarwa, na'urar takan kulle kanta idan aka daina biya. Ka ƙarasa biyan kafin ciniki, ko ku je tare da mai saye a mayar da yarjejeniyar sunansa da sanin kamfanin. Idan bashin banki ne ko na ƙungiyar ma'aikata, haka nan. Idan kuma maiɗakinka ce ta kwashi adashenta ta sayi batura saboda firizar ƙanƙararta, to nata ne, ɗana, zama a gidanka bai mayar da su naka ba. Ka nemi yardarta a fili, ka ba ta kuɗinta daga cikin cinikin. Gidan gado ya fi kowanne buƙatar wannan tsantseni. Sau da yawa ɗa ɗaya ne ya sa wa mahaifiyarsu sola daga aljihunsa. Kyauta ya yi wa tsohuwa, ta shiga gado, ko aro ya ba ta? A warware wannan a gaban malami kafin a kira mai saye, in ba haka ba kuɗi na shiga hannu za a ji maganar da ba a taɓa ji ba tsakanin 'yan uwa.

Bayan mallaka, sai abin da ciniki ya ƙunsa. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin nan ne rigima take tsirowa. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu akwai fasali guda kan abin da ke bin gida idan an sayar da shi, inda aka nuna abin da aka kafe shi ne ke bi, kamar ƙofa, da kanta, da dutsen niƙan da aka gina, da tsanin da aka buga wa ƙusa. Tsanin da aka jingina kawai, malamai sun yi saɓani a kansa. Dokar ƙasa ma a kan wannan turba take, abin da aka manna wa ƙasa ko gini yana bin sa. Yanzu ka auna kayanka da wannan. Faranti an ɗaure su da noti a kan rufi, wayoyi sun shige bango. Inbata an rataye ta, sukurori huɗu ne tsakaninta da tafiya. Batura kuwa ajiye suke a ƙasa, mutum biyu sun isa su ɗauke. Mai saye zai ce gida mai sola ya taya, kuma sola ba batir ba ta kai dare. Mai gida zai ce batura kayan ɗaki ne kamar firji. Kowa da hujjarsa. Hadisin dabino da ke cikin Muwaɗɗa ya nuna mana mafita: wanda ya sayar da itacen da aka riga aka yi wa barbara, 'ya'yan nasa ne, sai idan mai saye ya gindaya sharaɗi. Sharaɗin da aka faɗa a fili shi ke kashe gardama. Saboda haka tun ranar da mutum ya fara taya gidan, ka ce masa: ga kuɗin gida shi kaɗai, ga kuɗin gida da sola, ga kuma jerin abin da nake nufi da sola.

Ba da farashi biyu yana da wani amfanin. Ba kowane mai saye ne yake son kayanka ba. Wani yana da nasa na litiyam da zai taho da su. Wani rushe gidan zai yi ya gina shaguna. Wani kuɗinsa iyakar gida ne, idan ka cusa masa miliyan biyu na sola sai ya juya, ka rasa cinikin miliyan 30 a kan abin da za ka iya kwancewa.

Kwancewar ma sai ka yi tunani. Batirin litiyam da inbata mai kyau suna da sauƙin ɗauka, kuma idan inda za ka koma babu wuta, tafiya da su ta fi sayar da su da araha ka sayi sabbi da tsada. Faranti ne ba na so ka taɓa sai dole. Za ka biya mai kwancewa, ka biya mota, ka biya mai ɗaurawa, kuma a hanya sukan yi tsagar da ido ba ya gani amma take rage ƙarfi. Uwa uba, za ka bar wa mutum kwano mai huji. Idan ka cire, to haƙƙi ne a kanka ka toshe kowane rami, ka mayar da wayarin gida yadda wutar NEPA za ta shiga kai tsaye ba tare da haɗari ba. Ka da ka bar bawan Allah ya gano aikinka da ruwan farko na damina, yana tara bokiti a tsakar falo.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi a zuciyata. Ka faɗi aibi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda yaranmu ke karantawa a zaure, ta jera algus da yaudara da ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki. Ka san labarin da ke cikin Sahih Muslim, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Kayan sola sun fi tarin hatsi sauƙin ɓoye danshi, domin babu mai gane lafiyar batir da kallo. Hanyoyin cutar sanannu ne. A cika batura da janareta kafin mai saye ya iso, a kunna masa fanka da talabijin na minti goma da rana tsaka, ya tafi yana murna, alhali mai gida ya san ƙarfe goma sha ɗaya na dare suke mutuwa. A goge kwanan watan da ke jikin batir. A ce faranti wat 400 ne saboda haka takardar bayansa ta ce, alhali an san tun ranar da aka ɗaura bai taɓa ba da haka ba, tunda kasuwa cike take da masu lambar ƙarya. Mafi muni, a karɓi kafin alƙalami, sannan da dare a musanya batura masu kyau da matattu. Wannan sata ce, ko da wane suna aka kira ta.

Ka da kuma ka fake da cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai sayen rariya yana ganin hujinta. Idan batir ɗaya cikin huɗu ya kumbura, ka nuna shi. Idan an taɓa gyara inbata bayan tsawa, ka faɗa. Idan ba ta ɗaukar famfon rijiyar burtsatse da dutsen guga lokaci guda, ka faɗa. Idan ginin maƙwabci ya tashi ya fara yi wa faranti inuwa daga la'asar, ka kai mutumin ya gani. A shari'a, wanda ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da haƙƙin ya dawo maka da magana, ko a warware ko a rage kuɗi. Abin da ka ɓoye don tsoron ragin 300,000 zai iya kai ka gaban alƙali bayan ka riga ka kashe kuɗin.

Hanya mafi tsafta ita ce gwaji, gani ya kori ji. Ka ce wa mai saye ya zo da mai gyaran wutar da ya yarda da shi. A hau rufi a duba ɗauri da tsaga. A auna abin da faranti ke bayarwa da hantsi. A duba kaurin waya, da ko akwai abin kariya daga tsawa, da ko makunnin sauya layi yana raba wutar gida da ta waje yadda ya kamata. Sannan a yi gwajin dare: a yanke wutar NEPA da magariba, a bar abin da kuka saba kunnawa, a ga ƙarfe nawa batura za su kai. Wanda kayansa ke da lafiya, wannan gwajin talla ce a gare shi kyauta. Wanke faranti kafin ranar ba algus ba ne, gyara ne, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke kwanciya a kansu ta rage musu ƙarfi sosai. Haka ƙara wa batura ruwansu da share tsatsar kawunansu. Idan kana da zaɓin lokaci, bazara ce kasuwar gida mai sola. Wanda ya shigo daga zafin watan Afrilu ya tarar da ruwan sanyi a firji, unguwa kuma babu wuta, ba ya buƙatar dogon bayani.

Dillali kuma ka ja masa kunne. La'adarsa tana ƙaruwa da ƙaruwar kuɗi, saboda haka bakinsa yakan yi zaƙi fiye da kima. Zai ce wutar gidan nan ba ta taɓa ɗaukewa, zai ce tana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki uku har asuba. Shi zai karɓi rabonsa ya wuce, kai za a nema. Ka ba shi bayanin kayan a rubuce, ka ce iyakar abin da zai faɗa kenan. Ku kuma yanke tun farko ko la'ada ta haɗa da kuɗin sola ko ta gida ce kaɗai. Idan ya kawo shawarar a samo wani ya riƙa taya gidan da tsada don a zuga mai saye na gaskiya, ka ƙi. Shari'a ta hana wannan a fili.

Idan an sallama, sai rubutu. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta sa sai da amincewar gwamna ake mayar da mallakar fili mai shaidar gwamnati zuwa wani, shi ya sa ake bi ta KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Lauya zai kula da wannan. Abin da lauya ba zai sani ba sai ka gaya masa shi ne jerin kayan wuta. A haɗa shi da takardar ciniki a matsayin shafi na musamman: faranti nawa, na wane kamfani, wat nawa, inbata da lambar jikinta, batura nawa, wane iri, yaushe aka saya, aibin da ka bayyana, abin da za ka tafi da shi. A ɗauki hotuna ranar sa hannu. Shaidu su gani da idonsu, kamar yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaida a ciniki. Ka biya duk bashin wutar da ke kan mitar gidan, domin masu sola da yawa sukan manta da ita har kuɗi ya taru, kuma a aikace wanda ya shigo gidan shi ma'aikata za su tarar.

Ranar miƙa makulli ka ba da awa guda. Ka damƙa rasit da takardun lamunin kamfani, ka ba shi lambar wanda ya ɗaura kayan, idan inbata mai haɗuwa da waya ce ka cire ta daga wayarka ka mayar da ita tasa. Ka nuna wa mutumin da iyalinsa abin da ake kunnawa da rana da abin da ba a kunnawa da dare, da inda ake kashe komai idan an ji ƙauri. Idan kuma kana ba maƙwabta ruwa daga rijiyar da sola ke ja, ko ka ja wa masallacin lungu waya, ka sanar da shi tun kafin a sa hannu. Ba dole ba ne ya ci gaba, gidansa ne. Amma ka je da kanka ka gaya wa liman da maƙwabtan cewa gida ya canza hannu, don ka da yara su yi sammako da jarkoki su tarar da ƙofa a rufe, a fara yi wa baƙo kallon marowaci tun bai kwana bakwai a unguwar ba.